Leda Biyu daga Zauren Bappa

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta ƙarshe a jami'a ba, ko da kuwa na so in manta, don akwai mutum uku a garin Jalingo da ba za su bari ba: mahaifiyata, matata, da wani ma'aikacin ɗakin gwaji da har yau in ya hango ni a kasuwa tun daga nesa yake fara dariya. Gara in ba ku labarin da bakina kafin su ba ku nasu da ƙarin gishiri.

A sashenmu kowane ɗalibi sai ya yi aikin bincike kafin a sallame shi. Nawa shi ne in ɗauki ganyen wani icce da mutane ke sha don ciwon suga, in jiƙa shi, in tace, in riƙa ba wa fararen ɓeraye masu ciwon, in ga ko sugansu zai sauka. Aiki ne da ɗalibai da yawa suka yi kafin ni, kuma babu wanda ya zama wani abu a dalilinsa. Amma ni a lokacin gani nake duniya ni take jira. Farar rigar ɗakin gwajin nan ba na sa ta a jaka, a kafaɗa nake rataya ta in ratsa unguwarmu ta Turaki, don masu shago su ce "Likita, an dawo?" (Ban taɓa gyara musu ba ko sau ɗaya.)

Lokacin an riga an sa ranar aurena da Dija, an ce sai na kammala karatu. Mahaifinta, Bappa Hammadu, dattijon Bafulatani ne a Majidaɗi, tsohon dillalin shanu, mutum mai ƙarancin magana. Ya yi shekaru yana fama da suga, ƙwaya da safe, ƙwaya da yamma, kuma ya tsane su. Ban da ƙwayoyin yana haɗawa da garin ganyen marke da ƙaninsa ke kawo masa daga ruga, shi kuwa marken ya fi yarda da shi. Don haka da aka ce kowa ya zaɓi iccen da zai gwada, ban yi dogon tunani ba na rubuta marke. In faɗi gaskiya, ba kimiyya ce ta zaɓar min ba, neman shiga wurin suruki ne.

Malamin da ke duba aikina ya yi min bayani dalla-dalla. Ka je da ƙafarka ka tsinko ganyen, ka kawo reshe ɗaya a tabbatar da sunansa a ba shi lamba, sauran ka shanya a inuwa, ka daka da hannunka. Na cika rabin umarnin. Na je wajen Nukkai na karyo reshen marke, aka duba aka ce shi ne, aka ba ni lamba. Shanya da daka kuwa na ga wahala ce, ga shi Dija ta ce Bappa ya ji labari, ya ce in zo in karɓi irin wanda yake sha.

Wanda bai taɓa zama gaban surukin Fulani ba ba zai gane abin da zan faɗa ba. Tun daga bakin zaure na cire takalmi, na durƙusa can gefen tabarma, na sauke idona kan wani zare da ya warware a bakinta, ban sake ɗagawa ba. Muka gaisa, gaisuwar da ba ta ƙarewa. Na ji an ajiye abu biyu a gabana, sannan na ji sandarsa ta taɓa ɗaya, ta taɓa ɗaya.

"Wannan naka ne na ɓeraye," in ji shi. "Wannan kuma kuka ne, Dada ta ce a kai wa mahaifiyarka."

Dada ita ce mahaifiyar Dija. Ni dai na ji ƙarar sanda a jikin leda sau biyu, amma wacce ta fara taɓawa, Allah ne masani, don idona na kan zaren tabarma. Kalma ɗaya ce ta rage min, in ce "Wanne, Bappa?" Bakina ya ƙi. A ce dattijo ya yi maka bayani da kansa, kai kuma ka sa shi maimaitawa kamar ba ka saurara ba?

Sai ya ƙara da cewa, "Maganarka nake jira. In ɓerayenka sun ce marke yana yi, ni na bar ƙwayan asibiti."

Na ce, "To, Bappa."

Wannan "to" ɗin ma bai kamata ya fito ba. Ko a aji biyu na jami'a an koya mana cewa ɓera daban, mutum daban, kuma ba a ce wa mai suga ya ajiye maganinsa. Amma daɗin a ce maganata ake jira ya rufe min komai.

A cikin keke na kwance ledojin. Duka biyun baƙaƙe, duka biyun ɗaurin hannu ɗaya, duka biyun koren gari. Na shinshina wannan, na shinshina wancan, na ji ƙamshin ganye. (Shekara ashirin da biyar ina shan miyar kuka, amma ban taɓa haɗuwa da ita ba sai a cikin kwano, an riga an gama mata komai.) Da na kira Dija a waya da minti ɗaya ya isa, sai dai zan bayyana mata cewa likitan da za ta aura bai iya karɓar saƙo ba. Bambanci ɗaya na gani, ɗaya ledar ta fi ɗaya girma. Nan na yi amfani da ilimina: ai ba za a ba wa miya babba a ba wa bincike ƙarama ba. Na riƙe babbar, na kai wa Umma ƙaramar, na ce ga kuka daga gidan su Dija. Ta yi ta sa musu albarka.

Washegari na auna garin na jiƙa a ruwa. Da na dawo tacewa sai na tarar abin ya yi kauri, in na ɗaga cokali yana biyo shi. Takardar tacewa ta toshe. Na sa ƙyalle, na matse da hannu biyu, yana fita da ƙyar yana yauƙi. Mista Bulus, ma'aikacin da ke kula da ɗakin gwajin da ɓerayen, ya tsaya a kaina yana kallo. Mutumin Mumuye ne, ya fi shekara ashirin a wurin, ɗalibai nawa suka wuce ta hannunsa.

"Malam, wannan abu naka yana ja fa," ya ce. "Na ga marke da yawa a wannan ɗaki, ban ga wanda ya yi haka ba."

Na gyara tsayuwa na kawo masa wata kalmar Turanci da na tsinta a littafi, mai nufin sinadari mai yauƙi a jikin ganye. Na ce marken ruga ne, ba irin na bakin titi da ɗalibai ke kwasowa ba, ƙarfinsa ne ya sa haka.

Ya dube ni, ya dubi kwanon. Ya ce, "To. Kai ne mai karatu."

Haka muka fara. Aka yi wa ɓerayen allurar da ke jawo musu ciwon, muka raba su gida-gida: waɗansu ruwa kawai, waɗansu maganin asibiti, sauran kuma jiƙona, kaɗan, matsakaici, da mai yawa. Kullum da safe in riƙe ɓera ta ƙeya, in zura masa siririn bututu, in tura masa rabonsa, abin yana zare daga bakin sirinji har ƙasa. Duk bayan 'yan kwanaki a hana su abinci, a ɗan tsaga bakin wutsiya, a ɗiga jini a kan tsinken na'ura a karanta. Sati uku ina wannan. Sun cije ni sau biyu, kuma yanzu da na san abin da nake ɗura musu babu gishiri babu daddawa, ban ga laifinsu ba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne, sugan nasu ya ɗan sauka. Bai kai na masu shan maganin asibiti ba, amma ya sauka. Ranar da na haɗa lambobin ƙarshe, ban ko nuna wa malamina ba na fita waje na kira Dija.

"Ki gaya wa Bappa marke ya ci jarrabawa."

Ta ce, "Ka tabbata? Ka san shi fa, in ya ji daga bakinka shi ke nan."

Na ce, "Da takarda a hannuna nake miki magana."

Daga ranar zuwa ranar da zan kare aikin a gaban malamai kusan sati uku ne. Ina ta rubutu da gyara, ban leƙa Majidaɗi ba. Ba zan ce na manta abin da ya ce zai yi ba. Na dai ajiye shi a wani lungu na zuciyata inda ba zai dame ni ba.

Ranar ta zo. Na aro kwat wurin wani abokina da ya fi ni faɗin kafaɗa. Ɗakin cike, malamai a gaba, ɗalibai a baya, Mista Bulus a bakin ƙofa. Baƙuwar da aka gayyato daga wata jami'a don ta jarraba mu wata Farfesa ce, dattijuwa, da tabarau a kan hanci da mayafi ruwan toka, ba ta ɗaga murya. Na yi bayanina tsaf, na nuna hotunan ɓeraye, na nuna layukan da ke gangarowa ƙasa. Da a nan na tsaya, wataƙila da na wuce lafiya da kuskurena. Amma ina. Na zo da ragowar garin a wata 'yar kwalba da na manna wa takarda da sunan marke na Latin, wadda babu wanda ya ce in kawo. Na zaro ta daga aljihu, na ajiye a gaban Farfesa da hannu biyu, na ce ga shi ko za ta so ta ga asalin abin.

Ta buɗe. Ta kai hanci. Ta zuba kaɗan a tafin hannunta, ta ɗiga ruwa daga gorar da aka ajiye mata, ta murza da yatsa, ta ɗaga yatsan a hankali. Zaren ya biyo shi, dogo, kowa na gani.

Sai ta bar Turanci ta koma Hausa.

"Ɗana, wa ya daka maka wannan?"

Na ce daga gida aka ba ni.

"Ka taɓa ɗanɗana shi?"

Na ce a'a.

"Marke bauri gare shi, ba ya yauƙi. Wannan kuka ce. Mai kyau ma kuwa, sabuwar daka."

Wani malami da ke gefenta ya miƙa hannu ya lakata ya sa a harshe, ya gyaɗa kai, ya ce a hankali, "Tuwo kawai ya rage." Daga nan ɗakin ya fashe. Wata 'yar ajinmu har da kifa kai a kan tebur. Malamina ya ɗaga kai yana kallon fanka kamar ranar ya fara ganinta. Na waiwaya bakin ƙofa, na ga Mista Bulus ya juya wa ɗakin baya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina tsaye cikin kwat ɗin aro, a bayana ga babban rubutu a bango yana cewa marke na sauke suga. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har kunnuwana suka yi zafi.

Farfesa ba ta yi dariya ba. Ta goge hannunta, ta jira aka lafa. Ta ce mai yiwuwa kukar na da nata amfanin, mai yiwuwa kuma yauƙin ne ya cika wa ɓerayen ciki suka rage ci, ba ta sani ba, ni ma ban sani ba. Abin da ta sani shi ne ban gwada abin da na rubuta ba, don haka sai na sake daga farko. Sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Wannan mai sauƙi ne, wata huɗu ne. Akwai mai ciwon da ka faɗa wa sakamakon nan?"

Ta ga amsar a fuskata.

Ta ce, "To me kake jira a nan?"

Na biya ta gida don in cire kwat ɗin. Umma na tsakar gida tana tsince shinkafa. Na ce, "Umma, kukar nan da na kawo miki daga gidan su Dija, tana nan?"

Ta ɗan kalle ni, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ledar daga bayan akwati, kusan yadda na kawo ta.

"Sau ɗaya na kaɗa," ta ce, tana rage murya ko da yake mu biyu ne a gidan. "Ta ƙi kama jikinta, ga bauri kamar me. Na zubar na sake wata miyar, kai ma ka ci ba ka sani ba."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In ce me? In ce surukanka sun aiko min da kukar da ba ta ciyuwa? Ai daddawa na aika musu da godiya. Da muka haɗu da Dada a gidan suna ta tambaye ni, na ce ba mu taɓa shan irinta ba."

Wallahi kuma ba ta yi ƙarya ba.

Bayan la'asar na isa Majidaɗi, da na'urar gwajin suga da na roƙa wurin Mista Bulus da sababbin allurai a aljihu. Bappa na zaure a inda ya saba. Na durƙusa, amma wannan karon na ɗaga kai, kuma abin da na gani ya tsinka min zuciya. Ya rame. Leɓɓansa sun bushe, ga babban jug na ruwa a gefensa ya kusa ƙarewa, ga buta a ɗaya gefen. Kafin mu gama gaisuwa ya sha kofi biyu.

Na faɗa masa komai. Na ce ranar da ya nuna min ledojin ban duba ba, na ji nauyin tambaya, na ɗauki ta Umma na kai makaranta. Na ce kuka na yi sati uku ina ba wa ɓeraye. Na ce ko da marken ne ma, ba ni da hurumin ce masa ya bar maganinsa. Haka na kai ƙarshe.

Na ce, "Bappa, ka ba ni hannunka."

Shekara biyu ina zuwa gidan nan, ban taɓa riƙe hannunsa ba sai a musabaha, ita ma da kai a ƙasa. Na kama yatsansa na huda, na ɗiga jinin. Lambar da ta fito ta fi ta ɓerayen da ba a ba wa komai ba sai ruwa. Na ce asibiti za mu yanzu. Ya nemi hularsa, bai yi musu ba.

Muna cikin keke ne ya yi magana, yana kallon titi.

"Tun satin farko na ji jikina ba daidai ba. Fitsari ba iyaka, ido yana hazo."

"Bappa, me ya hana ka koma wa ƙwayoyin?"

"Kai ka aiko. Na ce yaro ya yi karatu, ya sha wahala da ɓera. In na koma ƙwaya, kamar na ce ƙarya yake yi."

Na rasa inda zan sa kaina. Dariyar da aka yi min da safe sai ta zama ba komai ba. Mutumin nan sati uku yana jin jikinsa na lalacewa, ya yi shiru don kada ya kunyata ni, ni da ban ko leƙo in gan shi ba.

A asibiti suka riƙe shi. Likitan da ya duba shi, wani matashi mai saurin magana, ya ce da an ƙara kwanaki da labarin ya sha bamban. Ya juyo cikin faɗa ya ce, "Baba, wa ya ce ka daina shan magani?"

Ina tsaye a ƙarshen gadon da katinsa a hannuna. Dija da Dada sun biyo mu, suna gefe, Dija ta san amsar, Dada ma ta sani. Na buɗe baki.

Bappa ya riga ni. "Ba kowa," ya ce. "Ni na ga dama."

Kwana huɗu ya yi aka sallame shi. Ni kuma na yi ƙarin zango guda. Na tsinko marke da hannuna, na shanya a ɗakin Umma, na daka har tafina ya yi kanta, aka ɗaga bikin zuwa bayan damina. Da sakamakon ya fito, malamina kaɗai na nuna wa, sai Mista Bulus. Bappa bai tambaya ba, kuma har yau bai taɓa tayar min da maganar ba, ko da wasa. Wani lokaci ina ganin da ya zage ni sau ɗaya da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka tarbiyyantar da mu, amma ba ta sauke suga. Yanzu duk Juma'a bayan masallaci ina biyawa Majidaɗi. Ina cire takalmi, ina durƙusawa, ina gaishe shi yadda ya kamata, sannan in dube shi ido cikin ido in ce, "Bappa, ka sha maganinka?" Kullum cewa yake ya sha. Ni kuma ba na tashi sai Dada ta miƙo min kwalin na duba.